Tiyatar maƙoƙo

Tiyatar maƙoƙo aiki ne da likitocin fiɗa ke yi don cire wani ɓangare na glandar tayirod, ko cire ta gaba ɗaya, idan ta kumbura har ta fara matse hanyar abinci ko hanyar iska, ko tana fitar da sinadari fiye da kima, ko ana zargin akwai ciwon daji a cikinta. Ba kasafai ake yin wannan aiki da gaggawa ba. Yawancin marasa lafiya sukan jira makonni ko watanni tsakanin ranar da aka gano ciwon da ranar da za a shiga da su ɗakin tiyata. Likitoci suna ɗaukar wannan lokaci a matsayin wani ɓangare na maganin, domin a cikinsa ne ake daidaita sinadaran jiki, a kammala gwaje-gwaje, a kuma kula da abincin mai fama da wahalar haɗiya.

Glandar tayirod da maƙoƙo

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya. Tana da ɓari biyu, na dama da na hagu, da wata siririyar gada da ta haɗa su, shi ya sa ake kwatanta siffarta da malam-buɗe-littafi. A jikin babban mutum nauyinta bai cika wuce giram 25 ba. Aikinta shi ne ta ɗauki aidin daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci da girman ƙwaƙwalwar yaro. Wata glanda da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ce ke ba ta umarni ta hanyar sinadarin TSH.

Maƙoƙo shi ne duk wani kumburi na wannan glanda. A duniya babban dalilinsa shi ne ƙarancin aidin a abinci: idan aidin ya yi ƙaranci, TSH yakan ƙaru, glandar kuma ta yi ta girma don ta kama ɗan abin da ke akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikurogiram 150 na aidin a rana ga babban mutum, da 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin da ake sayarwa tun 1993. Wasu abinci ma suna iya ƙara matsalar inda aidin ya riga ya yi ƙaranci, kamar rogon da ba a jiƙa an sarrafa shi da kyau ba, kuma binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan ya danganta yawan maƙoƙo da dogaro kan gero kaɗai. Sauran dalilan sun haɗa da cutar Graves, wadda ke sa glandar yin aiki fiye da kima, da cutar Hashimoto, wadda ke raunana ta, da kuma ƙulluka da ke tsirowa a cikinta. Ciwon ya fi kama mata fiye da maza.

Wahalar haɗiya

Glandar tana kwance a kan hanyar iska, ita kuma hanyar abinci tana bayan hanyar iska, ta ɗan karkata hagu. Saboda haka maƙoƙon da ya girma ta baya, musamman a ɓarin hagu, yakan matse hanyar abinci. Mara lafiya yakan ji kamar loma ta maƙale masa a wuya, kuma abin ya fi faruwa da busasshen abinci da ƙwayar magani kafin ya kai ga ruwa. Wani maƙoƙon kuwa ƙasa yake gangarawa, ya shiga bayan ƙashin ƙirji, ta yadda ba a ganinsa sosai daga waje amma yana matse numfashi, musamman idan mutum ya kwanta rigingine ko ya ɗaga hannuwansa sama.

Ba kowace wahalar haɗiya ce ke fitowa daga maƙoƙo ba, ko da mutum yana da shi. Tasowar ruwan ciki mai tsami, shanyewar ɓarin jiki, ƙuntatar hanyar abinci da ciwon dajin hanyar abinci duk suna kawo ta. Don haka idan girman kumburin bai kai ya haifar da irin wahalar da mara lafiya ke ji ba, likita yakan nemi a leƙa hanyar abinci da na'ura, ko a ɗauki hoto bayan an sha ruwan bariyom, don kada a yi tiyata matsalar kuma ta ci gaba.

Gwaje-gwaje kafin aiki

Gwajin farko shi ne na jini, a auna TSH da T4. Daga nan sai hoton sikanin na wuya, wanda ke nuna girman glandar da yawan ƙullukan da ke cikinta. Idan wani ƙulli ya ba da shakku, akan soka siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba a ɗakin gwaji, kuma ana rarraba sakamakon kashi shida bisa tsarin Bethesda. Mafi yawan ƙullukan tayirod ba daji ba ne. Waɗanda ake samu da daji suna tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma nau'in da aka fi samu yana girma a hankali, yana kuma jin magani ƙwarai.

Akan ɗauki hoton wuya da ƙirji don a ga ko hanyar iska ta karkace ko ta ƙuntata, abin da likitan sa barci ke buƙatar sani tun da wuri. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan leƙa akwatin murya ya tabbatar igiyoyin murya biyu suna motsi. Haka kuma ana auna kalsiyam, yawan jini da rukuninsa, da sukari da hawan jini.

Dalilin jira

Idan glandar tana aiki fiye da kima, mara lafiya yakan rame duk da yana cin abinci, ya riƙa zufa, hannunsa na rawa, gabansa na faɗuwa, barci kuma ya ƙaurace masa. Yi wa mutum tiyata a cikin wannan hali yana iya tayar da wani mummunan yanayi na zazzaɓi mai zafi, gudun zuciya da ruɗewa, wanda ke iya kisa. Don haka sai an fara sauko da sinadarin da magani irin su karbimazol ko metimazol, abin da yakan ɗauki makonni 4 zuwa 8. Akan haɗa da furofaranolol don rage gudun zuciya da rawar hannu, sai dai ba a ba mai asma shi. Ga mai cutar Graves, wasu likitocin suna ƙara ɗigon aidin na Lugol kwana 7 zuwa 10 kafin aiki, don rage jinin da ke kwarara cikin glandar. Mai ƙarancin sinadarin kuma akan ba shi lebotairoksin har jini ya daidaita.

Karbimazol da danginsa suna da wata illa da ba ta cika faruwa ba, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari, amma mai hatsari ce: suna iya karya fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Alamarta ita ce zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. A wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, abu ne mai sauƙi a ɗauka shi ne, a sayi magani a kemis a ci gaba da sha. Ƙa'idar ita ce mai shan wannan magani ya dakata da shi, ya je a ƙirga masa ƙwayoyin jini a wannan ranar. Macen da ta samu ciki ko take shirin samu ita ma tana buƙatar sanar da likita da wuri, domin akan sauya maganin a watanni ukun farko.

Ban da dalilan lafiya, wasu sukan jira saboda layin marasa lafiya a asibitocin koyarwa, ko saboda tara kuɗin aiki. Ko a wannan hali ana so mara lafiya ya ci gaba da zuwa ganin likita a ranakun da aka sa masa, domin sakamakon jinin da ya daɗe ba ya amfani ranar aiki.

Abinci da zaman gida a lokacin jira

Manufar ita ce mara lafiya ya isa ranar tiyata bai rame ba kuma bai ƙware ba. Abinci mai laushi da danshi ya fi saurin wucewa: kunu, koko, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, ayaba, gwanda, ƙwai, kindirmo, alale da dafaffen kifin da aka cire wa ƙaya. Busassun abubuwa da masu tauri irin su kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, aya da busasshen burodi sun fi maƙalewa. Akan shawarci mara lafiya ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, ya yi ƙananan lomomi, ya tauna sosai, ya ci a zaune tsaf ba a kishingiɗe ba, kuma kada ya kwanta sai bayan aƙalla rabin awa. Auna nauyi sau ɗaya a mako yana nuna ko abincin yana wadatarwa. Idan ƙwayar magani tana maƙalewa, likita ko mai harhaɗa magani ne zai faɗi wadda za a iya niƙawa, domin ba kowace ce ake niƙawa ba. Ɗaga kai da matashi biyu ko uku yana sauƙaƙa numfashi da dare.

Gishiri mai aidin yana kare mutum daga kamuwa da maƙoƙo, amma ba ya narkar da wanda ya riga ya girma ya yi ƙulluka. Shan ƙarin aidin ba da izinin likita ba yana iya ingiza irin wannan glanda ta fara aiki fiye da kima. Tsaga, sakiya da ƙaho a kan kumburin suna da hatsarin zubar jini, domin glandar tana cike da jijiyoyin jini kuma tana maƙwabtaka da manyan jijiyoyin wuya, sannan tabon da suke bari yana wahalar da likita ranar aiki. Mai shan taba ana so ya bari aƙalla makonni 4 kafin tiyata. Masu shan maganin tsinka jini kamar wafarin ko asfirin, da masu shan maganin gargajiya, suna buƙatar gaya wa likita tun da wuri.

Damuwa da fargaba abu ne da aka saba gani a wannan lokaci. Wani ɓangare nata daga jiran sakamako ne da tsoron a taɓa wuya da wuƙa, wani ɓangaren kuma daga ciwon kansa, domin yawan sinadarin tayirod yana kawo saurin fushi da rashin natsuwa, ƙarancinsa kuma yana kawo kasala da baƙin ciki. Sanin haka yana taimaka wa iyali su fahimci sauyin halin da suke gani. Yana da amfani mara lafiya ya rubuta tambayoyinsa kafin ganin likita, kamar ko ɓari ɗaya za a cire ko duka, ko zai sha magani har abada, da kwana nawa zai yi a asibiti, ya kuma je da wanda zai taya shi riƙe bayani.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai alamomin da ke buƙatar a kai mara lafiya asibiti nan take, ko da ranar aikinsa tana da nisa. Su ne numfashi mai ƙara kamar fito ko sarƙewar numfashi, kumburin da ya ƙaru farat ɗaya tare da ciwo, wanda yawanci jini ne ya zuba cikin ƙulli, kasa haɗiye ruwa ko yawu, da zazzaɓi mai zafi tare da gudun zuciya da ruɗewa. Dashewar murya da ba ta warware ba, da saurin girman kumburin cikin 'yan makonni, su ma dalili ne na komawa wurin likita kafin ranar da aka sa.

Aikin da abin da ke biyo baya

Ana yin aikin ne mara lafiya yana barci. Bisa ƙa'idar da aka fi bi, ana daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Likita yakan yanka a kan layin fatar wuya don tabon ya ɓuya, aikin kuma yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku. Abubuwa uku ake fi sa wa ido. Na farko, taruwar jini a wuya a cikin awa 24 na farko, wanda ke iya toshe numfashi. Na biyu, raunin jijiyar murya da ke bi ta bayan glandar, wanda ke kawo dashewar murya, yawanci na ɗan lokaci. Na uku, faɗuwar kalsiyam idan an taɓa ƙananan glandoji huɗu da ke manne a bayan tayirod, abin da ke bayyana da jin tsiriri a leɓe da yatsu. Wanda aka cire masa glandar duka zai riƙa shan lebotairoksin kullum har ƙarshen rayuwarsa, a kuma sake auna TSH bayan makonni 6 zuwa 8. Da yawa daga waɗanda aka cire wa ɓari ɗaya ba sa buƙatarsa. Haɗiya takan yi zafi a kwanakin farko, sannan ta gyaru a hankali ga mafi yawan waɗanda matsi ne ya jawo musu wahalar.

Tarihi

Bernard Courtois ne ya gano aidin a Faransa a 1811, kuma a 1820 likita Jean-François Coindet ya fara ba masu maƙoƙo shi a birnin Geneva. Har tsakiyar ƙarni na 19 tiyatar maƙoƙo tana kashe mutane da yawa saboda zubar jini da ruɓewar rauni. Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya gyara hanyar aikin, ya yi shi fiye da sau 5,000, ya kuma sauko da mace-macen ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Edward Kendall ya ware sinadarin tayirod a 1914. A 1923 Henry Plummer na asibitin Mayo a Amurka ya nuna cewa ba masu cutar Graves aidin kafin aiki yana rage mutuwa, daga nan shirya mara lafiya kafin tiyata ya zama ƙa'ida. Suwizalan ta fara sanya aidin a gishiri a 1922, Amurka ta biyo baya a 1924. Ana gudanar da ranar tayirod ta duniya a ranar 25 ga Mayu kowace shekara.