Lokaci Ya Yi da Takardun Jami'o'i Za Su Koma Boɗinga da Shagari

Kafin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tare a Sakkwato a 1815, ya yi kusan shekara biyar a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune kusa da shi a Boɗinga. A wannan tsakani ne aka raba ɗawainiyar daula a 1812, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. A shekarar ce kuma Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, inda ya adana wasiƙun muhawarar da suka yi da Shehu Laminu na Barno, sannan Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. Ƙasar da aka yi wannan aikin alƙalami a kanta, yau ɗanta sai ya yi guzurin tafiya Zariya ko Kaduna ko Ibadan, ko aƙalla cikin Sakkwato, kafin ya ga irin waɗannan takardu. Ra'ayina shi ne jami'o'in da ke riƙe da su amana suka karɓa, kuma amanar ba ta cika sai hotunan takardun sun dawo hannun masu karatu a inda suka fito.

Jami'o'in sun yi abin a yaba. Tun cikin shekarun 1950 ɗakin karatu na jami'ar Ibadan ya fara tattara rubuce-rubucen Larabci, a 1964 kuma John Hunwick ya kafa cibiyar adana su a can. Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Galibi akan ari littafi daga hannun malami, a ɗauki hotonsa a maikurofim, a mayar masa da kayansa. Da irin wannan karamci ne Waziri Junaidu ya buɗe wa Murray Last taskarsa, har aka samu littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. Ke nan gidajen malamai ne suka fara ba jami'a, ita ce ake bi bashi.

Wasiƙu ne suka fi nuna dalilin biyan wannan bashi. Littafi yakan samu masu kwafarsa da yawa, wasiƙa kuwa sau da yawa falle ɗaya ce tak. Da yawan wasiƙun daular ba su ɗauke da kwanan wata. Mai bincike yakan duba hatimi, ya ɗaga takardar ga haske ya ga tambarin jinjirin wata uku na takardun da fatake ke kawowa daga Italiya, ya kintaci zamaninta. Sauran aikin sai wanda ya san sunayen da ke ciki: wane ne wannan hakimi, ina wannan fadama da ake gardama a kanta, wace zuriya ce ke riƙe da wannan sarauta. Ko wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda Backwell ya buga fassararsu a 1927, suna cike da irin waɗannan sunaye. Amsoshin suna bakin dattawan ƙasar, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu.

Wani zai ce ƙauye ba wurin ajiya ba ne, ga gara, ga ɗigon damina, ga rabon gado da ke tarwatsa littafi guda tsakanin gidaje uku, tunda ba a ɗinke yake ba, fallaye ne zube cikin tadarishi da gafaka. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ce a kwaso na asali ba. Hoto ake magana, a kwamfuta da kuma bugu a takarda. Gobarar da aka cinna wa cibiyar Ahmad Baba a Tumbuktu a 2013 ta nuna cewa tara komai wuri ɗaya shi ma haɗari ne, kuma ba a ƙwace wa kowa komai idan an yawaita kwafi. Wani kuma zai ce wa zai karanta? Ɗalibin makarantar zaure da ya sauke Alƙur'ani a rubutun warashi ya fi mai digiri da yawa saurin gane hannun magabata, da Larabcin da ajamin. Batun kuɗi kuwa, na'urar hoto da firinta ba su kai kuɗin taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ba.

Garin Shagari ya riga ya ba da misali. Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma shi da Jean Boyd suka wallafa littafi kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978. Irinsa ake so a ƙara samu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ita ta fi cancanta ta nemo kwafi daga Zariya da Kaduna da Ibadan, ta fitar da jerin sunayen takardun da Hausa, ta ajiye su a ɗakin karatu ɗaya a Boɗinga, ɗaya a Shagari. Magidancin da ya ga an dawo da hoton abin da aka ara shekara sittin da suka wuce, shi ne zai yarda ya kwance gafakar kakansa.