Satar Suna: Yadda Ake Cin Tallafi da Bashi da Sunan Wanda Bai Sani Ba

'Yan'uwa, ɓarawon da muka saba da shi akuya yake kwancewa, ko ya fasa rumbu, da safe kuma a bi sawunsa. Yanzu akwai wani iri wanda ba ya ko shiga gidanka. Abin da yake ɗauka shi ne sunanka, da ranar haihuwarka, da lambar wayarka, da lambobin nan biyu da banki da gwamnati suka san ka da su. Da su yake zuwa ya karɓi tallafin da aka ware dominka, ko ya ci bashi a rubuta kai ne ka ci. Mutum yana iya yin shekara biyu bai san an yi masa wannan ɓarna ba.

Lambobin biyu su ne BVN da NIN. Babban Bankin Nijeriya ne ya ƙaddamar da BVN a shekarar 2014. Lamba ce mai alƙaluma 11, an haɗa ta da hoton yatsunka da fuskarka, kuma duk asusun da ka buɗe a kowane banki yana rataye a jikinta. Ita kuwa NIN lambar katin ɗan ƙasa ce, hukumar NIMC ke bayarwa, ita ma alƙaluma 11. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce dole kowane layin waya ya haɗu da NIN ta mai shi. Ka ga ke nan layinka, da asusunka, da sunanka sun zama igiya ɗaya. Wanda ya kama bakin igiyar zai iya jawo sauran.

An kawo BVN ne domin a toshe irin wannan zamba, kuma ta yi aiki. A watan Fabrairu na 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun tana minista, ta sanar cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ya rage wa gwamnati naira biliyan 2.29 a kowane wata. Amma da aka toshe ƙofar ƙirƙirar sunan ƙarya, sai 'yan damfara suka koma neman sunan gaskiya, na mutum mai rai mai BVN, wanda ba ya yawan zuwa banki kuma ba zai lura da wuri ba. A nan ne mu mutanen ƙauye muka shigo cikin lissafinsu.

Tallafin marasa aikin yi

A ƙasashe irin su Amurka, idan mutum ya rasa aikinsa gwamnatin jiharsa tana biyansa wani abu kowane mako na wani ƙayyadadden lokaci yayin da yake neman wani. A lokacin annobar korona, a 2020, mutane miliyoyi suka nemi wannan kuɗi a lokaci guda, aka riƙa biya da gaggawa ba tare da dogon bincike ba. Wani ɗan Nijeriya mai suna Abidemi Rufai, wanda ya riƙe muƙamin mai ba gwamnan Jihar Ogun shawara, yana cikin waɗanda suka yi amfani da wannan kafa. An kama shi a filin jirgin sama na birnin Niyok a watan Mayu na 2021, ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 5 a watan Satumba na 2022. Gwamnatin Amurka ta ce ya tara bayanan Amurkawa fiye da 20,000, kuma daga jihar Washinton kaɗai ya karɓi sama da dala 350,000 na kuɗin marasa aikin yi. Bai fasa ofishin kowa ba. Fom ya riƙa cikawa a intanet da sunayen mutanen da ba su san ana yi ba.

Mu a Nijeriya ba mu da irin wannan biya na mako-mako. Abin da ya fi kusa da shi shi ne shirin N-Power, wanda aka fara a 2016, aka ɗauki matasa 200,000 a rukunin farko, aka riƙa biyan masu digiri da NCE alawus na naira 30,000 a wata su koyar a firamare, ko su taimaka a asibiti ko a harkar noma. A intanet aka riƙa neman shiga, kyauta, kuma sai da BVN. To saurayin da ke wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta ko Makoɗa, wanda ba shi da kwamfuta, dole ya kai takardunsa shagon masu cika fom. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman abincinsu. Amma mai mugun nufi a cikinsu abu kaɗan zai canza: ya sa lambar wayarsa da adireshin imel nasa a maimakon naka, ya riƙe lambar sirrin shiga shafin. Idan sunanka ya fito, saƙon a wayarsa zai sauka. Daga nan ko ya ce sai ka biya shi kafin ya ba ka abinka, ko ya ce maka ba ka samu ba, ya nemi hanyar karkatar da kuɗin.

Gwamnati da kanta ta dakatar da N-Power a watan Oktoba na 2023 domin ta binciki yadda ake biya da waɗanda ake biya. A Janairu na 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da ministar ma'aikatar jin ƙai, Betta Edu, ya kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci. Duk sanda aka yi irin wannan tsaiko, sai masu yawo da takarda su yi yawa, suna cewa an buɗe sabon rajista, a kawo NIN da BVN da kuɗin fom.

Bashin da ba ka ci ba

Wannan ne ya fi ciwo, don haka bari mu tsaya a kansa. Idan an ci tallafinka, ka rasa abin da bai taɓa shiga hannunka ba. Idan kuwa bashi aka ci da sunanka, abin da ka tara da guminka za a taɓa.

A 2015 Babban Banki ya fara shirin ba manoma bashin iri da taki ta hannun ƙungiyoyinsu, aka ƙaddamar da shi a Jihar Kebbi. A 2020 kuma ya ware naira biliyan 50 domin ba magidanta da masu ƙananan sana'o'i rancen korona. Dukansu bashi ne, ba kyauta ba. Amma a ƙauyuka da yawa dillalai suka riƙa cewa "kuɗin gwamnati ne, rabonka ne." Su karɓi BVN, kuɗi ya fito, su ba mai sunan ɗan abin da suka ga dama, su tafi da sauran. Wani ma ko sisi bai gani ba. A takardar banki kuwa mai BVN shi ne ya ci duka.

Daga ranar 1 ga Agusta, 2020, Babban Banki ya ba bankuna izinin cire kuɗin bashin da aka ƙi biya daga kowane asusu na wanda ake bi, ko da a wani bankin yake, ta hanyar bin BVN. Ke nan mutum zai sayar da gyaɗarsa ko ɗan maraƙinsa ranar kasuwa, ya zuba kuɗin a asusu domin kuɗin makarantar yara, washegari ya ga an kwashe. Banki bai san dillali ba. Sunanka ya sani.

Inda suke samun bayanan

Ba sai sun iya kwamfuta sosai ba. Akwai mai buga waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka idan ba ka faɗi lambar da aka turo maka yanzu ba. Wannan lamba ita ce mabuɗin ƙarshe, kuma babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ka ita, ko lambar sirrin katinka. Akwai miƙa wa mai POS kati tare da faɗa masa lambar sirri da baki, abin da iyayenmu mata da tsofaffi suka fi yi saboda ba su saba da na'urar ba. Gara a tafi da ɗa ko jika amintacce ya danna.

Sai maganar layin waya, wadda mutane ke rainawa. Wanda ya tsinci wayarka ya danna *565*0# zai ga BVN ɗinka, idan da layin ka yi rajista. Haka kuma layin da aka bari watanni ba a amfani da shi, kamfani yana sake sayar da shi ga wani, saƙonnin bankinka su riƙa zuwa wa baƙo. Idan waya ta ɓata, a ranar za a je ofishin kamfanin layin a rufe shi, a kuma sanar da banki. Masu tafiya cirani su kula da wannan musamman.

Akwai kuma hanyar da ta shafe mu a matsayin ikilisiya. Wani zai zo wurin fasto, ko sakatare, ko shugabar zumuntar mata, ya ce ƙungiyarsa za ta taimaki gwauraye da marayu, a tattaro masa sunaye hamsin da lambobinsu. Ya san jama'a ba za su ba shi ba, amma za su ba fastonsu. Kada shugaba ya tattara BVN ko NIN na kowa sai ya je da ƙafarsa sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin ƙungiyar, ya tabbatar akwai shirin, ya kuma tambaya a fili ko kyauta ce ko rance. Mai rabon hatsi ko gidan sauro ba ya bukatar BVN. Haka nan kada a ba da katin mamaci ko layin wayarsa, domin sunan wanda ba zai tashi ya yi ƙara ba ya fi kowane daraja a wurinsu.

Idan abin ya riga ya faru

Ka je bankinka da kanka da katin shaida. Ka nemi a gaya maka asusu nawa ne ke rataye da BVN ɗinka, da ko akwai bashi a kanka. Ka rubuta ƙorafi, ko a rubuta maka, a buga hatimi a kan kwafinka ka tafi da shi gida. Idan mako biyu zuwa wata guda ya wuce ba a warware ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki yana karɓar ƙara, kuma bankin yana da reshe a Kano. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, ka karɓi takardar shaidar rahoton. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta amfani da bayanan wani domin zamba, hukumar EFCC kuma tana da ofishi a Kano.

Kunya ce ke hana mutane da yawa magana, musamman idan dillalin ɗan gari ne ko ɗan'uwa. Amma da wuya ya cuci mutum ɗaya tak. Idan kun kai biyar ko goma da ya karɓi lambobinku, ku rubuta sunayenku, da ranar da ya karɓa, da abin da ya ba kowa, ku sanar da dagaci, sa'an nan ku tafi banki tare a rana ɗaya.