Tsarabar tsofaffi a Garhanga

Ƴan uwa ƴan kasuwa, duk wanda ya san ƙasar Adar ya san da an gama girbi samari kan watse bida: Abijan, Libiya, Najeriya. A ƙauyukan Garhanga, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, tsofaffi da mata da yara ake bari su riƙe gida.

To in Allah ya kai ki gida, me za ki riƙa musu? Yawancinmu turmin atamfa muke fara saye, don shi ake gani. Amma in tafiyar ta faɗo da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiya goma ta hatsi ta fi wa tsohuwa amfani. A haɗa da sukari, sabulu da ɗan goro. Kuɗi kuwa a damƙa mata hannu da hannu, cikin ɗakinta. Abin da aka bai wa ɗan aike ba kullum yake isa cikakke ba.

Sai gaisuwa. A fara da babban gida, a durƙusa, kada a gaida tsoho a tsaye ana duban waya. Da yawa cikin tsofaffin matan yankin nan su ne suka ɗauki duwatsu a ka lokacin Furoje Keita, aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta tallafa tun 1984. Yau bayansu da gwiwoyinsu ke ciwo, kuma kunya ba ta barin su faɗa. Ki zauna bisa tabarma, ki sha furar da aka dama miki, sannan ki tambayi Inna wane magani ya ƙare mata.