Masu Shigar da Ƙirƙirarriyar Basira Cikin Ofisoshi

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba 2022, kowane shugaban kamfani ke son a ce ma'aikatarsa na aiki da ƙirƙirarriyar basira, amma kaɗan ne suka san ta ina za su kama. Nan kasuwar masu ba da shawara ta buɗe. A 2023 Accenture ya ce zai zuba dala biliyan 3 a fannin cikin shekara uku, McKinsey kuwa tun 2015 ya sayi kamfanin nazarin bayanai na QuantumBlack. Ƙananan masu sana'ar, mutum biyu ko uku da kwamfutocinsu, su ma suna samun rabonsu.

Gwanin aikin ba da manhaja yake farawa ba. Kujera yake jawowa kusa da akawu, ya zuba ido. Rasit ya shigo ta imel, akawu ya kwafe lamba da sunan dillali zuwa Excel, ya buga takarda, ya kai wa manaja don sa hannu. Manaja na taro, takarda ta kwana a tebur. Haka gwanin zai bi aikin daki-daki, ya ware abin da ake maimaitawa kullum ba tare da tunani ba, ya miƙa shi ga manhajoji irin su UiPath. Wani lokaci sai ya gano sa hannun nan ba shi da wani amfani, a soke shi kawai, ba sai an sayi komai ba. Irin wannan shawara ba ta kawo kwangila mai tsoka, shi ya sa ba kowa ke bayar da ita ba.

Wahalar tana wajen gyaran bayanai. Abokin ciniki guda, an rubuta shi Muhammad, Mohammed da Moh'd, na'ura ta ɗauka mutum uku ne. Ga kuma ma'aikata da ke ganin an zo raba su da abincinsu, kuma mai tsoron kora ba ya nuna lungunan aikinsa.

Gogaggu kan tsaya kai da fata a bar ɗan'adam duk inda ake maganar kuɗi ko alkawari. A 2024 wata ƙaramar kotu a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja diyya, bayan manhajar hirar kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin waɗanda aka yi wa rasuwa. Kamfanin ya nemi ɗora alhakin a kan manhajar, kotu ta ƙi amincewa.