Idan ƙarin girma ya wuce ka: yadda za a miƙe a ci gaba

Ma'aikatan da muke hulɗa da su a Batsari da Safana yawancinsu malaman firamare ne, da ma'aikatan ɗakin shan magani, da malaman gona. Duk lokacin da jerin sunayen ƙarin girma ya fito, wasu suna murna, wasu kuma su duba sama da ƙasa ba su ga sunansu ba. Abin yana da ciwo, musamman idan wanda kuka kama aiki rana ɗaya, ko wanda kai ka koya wa aikin, ya wuce ka. Ba maganar kuɗin wata ba ce kaɗai. Akwai mutunci a idon iyali, akwai kuma fansho, wanda ya danganta da matakin da mutum ya kai.

Abin da muke so mu nuna shi ne, sau da yawa akwai dalilin da za a iya ganowa, a kuma gyara. Wanda ya san dalilin ya fi wanda ya zauna yana zargi.

Yadda ƙarin girma yake tafiya

Matakan albashi na aikin gwamnati sun fara daga 1 zuwa 17. A ƙa'idojin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi da yawa suke koyi da su, mai mataki na 6 zuwa ƙasa zai yi aƙalla shekara 2 kafin a duba shi. Daga mataki na 7 zuwa 14 shekara 3 ne, daga na 15 zuwa sama kuma shekara 4. Amma cikar shekaru ba ta wajabta ƙarin girma. Sai an ga waɗannan ma:

• An tabbatar da kai a aiki bayan shekara 2 na gwaji.
• Takardun auna ƙwazo na shekara-shekara, waɗanda aka daɗe ana kira APER, sun cika, shugabanka kuma ya sa hannu.
• Kana da takardar shaidar karatun da matakin yake buƙata.
• Akwai gurbi a sama.
• Babu tuhumar da ke kanka wadda ba a gama da ita ba.

Ba wuri ɗaya ake yanke hukunci ba. Manyan ma'aikatan ƙaramar hukuma suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi da ke Katsina. Malaman firamare kuwa maganarsu tana bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa hukumar SUBEB. Waɗanda suke duba fayil ɗinka a can ba su taɓa ganin ka a aji ba. Abin da ke cikin fayil shi ne kai a wurinsu.

Matsalar yankinmu

Wannan shi ne inda ma'aikacin ƙauye yake cutuwa. Ƙananan hukumomin nan biyu suna bakin dajin Rugu, kuma 'yan bindiga sun addabi garuruwa da yawa. An rufe wasu makarantu da ɗakunan shan magani, an mayar da ma'aikatansu wasu wurare. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. A irin wannan hali, malamin da ke wajen Wagini ko Ruma, ko ma'aikaciyar lafiya da ke Runka ko Zakka, tana iya rasa labarin ranar tantancewa. Wani an yi masa canjin wurin aiki da baki, ba a ba shi takarda ba. Wani shugabansa ya tashi bai cika masa takardar ƙwazo ba. Aikinsu ya fi na kowa wuya, amma fayil bai nuna haka ba.

Ba mu ce babu son kai ko sanayya ba. Akwai. Amma kada mu yanke cewa shi ne dalili kafin mu bincika.

Abin da za a yi

1. Bari zuciya ta huce. Kada ka rubuta wasiƙa ko ka ajiye aiki a makon farko. Faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ba majalisar bakin titi ba. Ka yi wa wanda ya samu barka, ko da da nauyin baki. Gobe kuna tare a wurin aiki ɗaya.

2. Tambayi dalili. Matambayi ba ya ɓata. Je wurin shugabanka cikin ladabi ka ce, “Ranka ya daɗe, me ya rage mini domin in cika shi kafin zagaye na gaba?” Wannan ta fi “Me ya sa aka hana ni?” buɗe ƙofa.

3. Haɗa fayil naka na gida. Ajiye kwafin takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta canjin wurin aiki, da takardun makaranta. Ɗauki hotonsu a waya, ka kuma ajiye wani kwafi wurin ɗan'uwa a wani gari.

4. Rubuta aikinka. Samu littafi ka riƙa rubuta yawan yaran da ka koyar, ko matan da suka zo awo, ko manoman da ka ziyarta, tare da kwanan wata. Ranar ganawa da kwamiti za ka yi magana da hujja.

5. Idan an yi kuskure, kai kuka a rubuce. Bi ta hannun shugabanka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wakilan ƙungiya, kamar NUT ga malamai da NULGE ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, suna iya raka ka. Idan duk ya faskara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma ba ta karɓar kuɗi.

6. Idan karatu ne ya tsaya, koma makaranta. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, kuma mai difloma yakan tarar da rufi a samansa tun shekarun aikinsa ba su ƙare ba. Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A Katsina akwai Kwalejin Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, tana koyarwa ba tare da mutum ya bar aikinsa ba. Nemi izini a rubuce kafin ka fara, domin a karɓi takardar idan ka gama. Abokan aiki suna iya yin adashi don kuɗin makaranta.

Abin da za a guje wa

Babban haɗari shi ne huce haushin kaza a kan dami. Malami ya fara makara, mai ba da magani ya riƙa rufe ɗaki tun kafin azahar. Yaron aji uku da mai ciki da ta yi doguwar tafiya a ƙasa ba su ne suka rubuta jerin sunayen ba. Kuma sakacin bana shi ne zai shiga takardar ƙwazo, ya zama dalilin gaske na rasa zagaye na gaba. Haka nan kada a ba kowa kuɗi domin ya “tura fayil”. Wanda ya karɓa yau zai dawo gobe.

Ga shugabanni kuma, kalma ɗaya. Ku kira wanda bai samu ba, ku faɗa masa gaskiya kafin ya ji a waje. Ku cika takardun waɗanda ke ƙauyuka masu nisa a kan lokaci. Idan suka karaya suka nemi komawa birni, ƙauyen ne zai rasa.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

• Mutum nawa a cikinmu suke da cikakken kwafin takardunsu na aiki?
• Ta yaya labarin tantancewa zai riƙa isa ga abokan aikinmu na nesa?
• Wa zai raka wanda bai samu ba zuwa ofis a wannan wata?