Idan Jiki Ya Fara Ƙi: Bayani Ga Dattawa da 'Ya'yansu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya wa ƙarfi wa'adi kamar yadda ya sanya wa rai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata kalma da 'ya'ya kan faɗa wa mahaifinsu da kyakkyawar niyya, alhali sau da yawa ita ke kwantar da shi tun ƙafarsa tana iya ɗaukarsa. Kalmar ita ce, "Baba, ka huta." Attajiri ya yi shekara 40 yana buɗe rumfarsa a Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, ran nan gwiwa ta kumbura, sai yara su karɓe mabuɗi, su shimfiɗa masa katifa a zaure, su aje masa rediyo. Malami ya tsufa a kan buzu yana biya wa almajirai, ido ya fara hazo, sai a ce ya shiga cikin gida, gardi ya riƙe makaranta. Kafin shekara ta kewayo, wanda jiya ya ke zuwa masallaci da kansa ba ya iya tashi sai an kama shi. Mutane su ce tsufa ne. Lalle da tsufa a ciki, amma zaman da aka ɗora masa shi ya yi rabin aikin.

Abin mamaki, maganin wannan al'amari yana cikin littafin da ko wane ɗalibi ke fara fiƙihu da shi, watau Ahalari, na Shehu Abdurrahman, malamin ƙasar Aljeriya a ƙarni na 10 na Hijira. A babin sallar mara lafiya an jera halaye bakwai. Na fari tsayuwa ba jingina, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina. Bayan waɗannan sai kwanciya a gefen dama, sai gefen hagu, sai rigingine. Jerin huɗun farko wajibi ne. Wanda ya ke da ikon tsayuwa, ya zauna a sallar farilla don ganin dama, sallarsa ta ɓaci. Wanda kuma tsayuwa ta gagare shi ba a ce masa ya bar salla ba, an ce ya sauka zuwa matakin da ke biye, ya tsaya nan, kada ya zarce.

Mai hankali ya dubi wannan tsari da kyau. Shari'a ta yarda jiki yana raunana, ta buɗe masa ƙofar sauƙi, amma ba ta yarda a sauka mataki biyu ba matuƙar ɗaya ya isa. Da dattawa da 'ya'yansu za su ɗauki wannan ma'auni su auna sauran al'amuran rayuwa da shi, kasuwa da makaranta da gona da zumunci, da an rage yawan tsofaffin da ke kwance a ɗaka.

Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya fara nuna hanyar. Uwar Muminai A'isha ta ba da labari, kamar yadda ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa da shekaru suka hau shi ya kan yi karatun sallar dare a zaune, idan ya rage kamar aya 30 ko 40 sai ya miƙe ya karanta su a tsaye, sa'an nan ya yi ruku'u. Tsawon karatun bai ragu ba, tsayuwar ma ba a bar ta duka ba, an riƙe gwargwadon abin da jiki ke iyawa. A Hajjin Bankwana ya yi ɗawafi a kan raƙumi, ya kuma yi wa Uwar Muminai Sauda izini ta bar Muzdalifa da dare kafin cunkoso, saboda nauyin jiki. Abdullahi ɗan Abbas ya makance a ƙarshen rayuwarsa, bai fasa karantarwa da fatawa ba har ya rasu a Ɗa'ifa shekara ta 68 bayan Hijira. Anas ɗan Malik da azumi ya gagare shi don tsufa ya riƙa ciyar da miskini gurasa da nama a madadin ko wace rana.

A nan ya kamata a yi magana a kan kujerun da suka yawaita a masallatai. Kujera rahama ce ga wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Amma da yawa a kan ga mutum ya tako tun daga gida da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofar masallaci ana gaisawa, da an ta da iƙama sai ya zauna tun daga kabbarar harama har sallama. Wannan ya sauka mataki biyu a inda ɗaya ya ishe shi. Idan sujada ce ta gagara, tsayuwa ba ta faɗi a kansa ba: ya yi kabbara a tsaye, ya yi karatu a tsaye, ya yi ruku'u gwargwadon iko, idan an zo sujada ya zauna ya yi nuni. Limamai su ne ya kamata su riƙa tunatarwa, cikin ladabi, domin gyara wa dattijo a gaban jama'a ba ya haifar da alheri.

To, abin da fiƙihu ya tsara don gyaran ibada, likitoci sun iske shi ta hanyar awo. Sun tabbatar tsokar jiki tana fara raguwa sannu sannu tun daga wajen shekara 30, bayan 60 kuma raguwar ta ƙara sauri, kuma babu abin da ke gaggauta ta kamar kwanciya. A shekarar 2007 waɗansu likitoci a Amurka suka kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya, 'yan wajen shekara 67, kwana 10 a gado ba tashi. Da aka auna su sai aka tarar naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo 1. Kwana goma kacal, ba kuwa da wata cuta ba. Ina ga wanda aka shimfiɗa wa katifa wata shida? Saurayi ya kan mai da abin da ya zube cikin 'yan makonni, tsoho kuwa sai da wahala, wani ma ba ya mayarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 ya nemi aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, irin wanda ke ɗan ɗaga numfashi, ya kuma haɗa da abin da ke ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa kwana uku a mako. Kada adadin ya tsorata kowa. Dattijon da ke tsakaninsa da masallaci tafiyar minti 5, idan ya je ya komo sau biyar ya yi minti 50 a yini, muddin dai ya ɗan ɗaga ƙafa. Banu Salima sun so su taso su koma kusa da masallacin Madina, Manzon Allah ya umarce su su zauna inda su ke domin ana rubuta musu takunsu. Ba a yin salla don motsa jini, niyya ta Allah ce ita kaɗai, amma ba laifi bawa ya san abin da Ubangiji ya haɗa masa a ciki. Saboda haka ɗan da ya saya wa tsoho mota don a riƙa kai shi masallacin unguwa ya sake tunani.

Mutanen dā sun san wannan sauka ta mataki ɗaya a sana'a. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, tafiya da komowa kan ci musu wata shida, wani lokaci shekara. Falke idan ƙafa ta gaji ba ya fita daga fatauci. Wani ya zauna a zango, kamar Salaga, ya zama fatoma, yana saukar da ayari, yana haɗa mai saye da mai sayarwa, yana tsaya wa baƙo a kan bashi. Wani ya zauna gida ya tura yaransa, shi yana riƙe da lissafi da sanin wanda za a amince wa. Abin da ƙafa ke yi ya bar wa matasa, abin da kai ke yi ya riƙe. Haka a sarauta da ilmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, a 1812, yana kusa da shekara 60, ya raba al'amuran mulki tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya tsaya a Sifawa ga karantarwa da wallafa, har ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi kai ilmi ga matan ƙauye, dattijai mata ta zaɓa ta naɗa jajis, ta ba su malfa, su ke jagorantar 'yan taru a ƙasa daga garuruwansu zuwa wurinta su komo da karatu. Shekarun da waɗansu ke gani kamar na zaman ɗaka, ita a nan ta ga ma'aikatanta.

Attajirin yau ma haka ya kamata a yi masa. A ɗauke masa hawa motar dare zuwa Legas da cicciɓar dila, a bar masa kujerarsa a bakin rumfa daga hantsi zuwa azahar. Tsofaffin abokan ciniki shi su ke nema, kuma shi ya san wanda ubansa ya taɓa cin amana. Alaramma kuwa, idan duba allo ya gagara, gardi ya duba, shi ya zauna sauraron hadda, domin kunnen gwani ba ya bukatar fitila, kuma wasali ɗaya ba ya kuɓuce masa.

Sai dai a nan akwai wani kuskure da ya fi na 'ya'ya muni, shi ne dattijo ya sallama wa abin da ke da magani, ya ce ƙaddara ce. Ido shi ne babban misali. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin 100 na makantar mutanen da suka kai shekara 40 abin da a ke iya karewa ne ko warkarwa, kuma yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kashi 43. Yana kuwa aikinta ba ya cika sa'a guda: a cire ƙwayar da ta yi hazo, a sa ta roba a gurbinta, mutum ya koma ga Mus'hafinsa. Ana yin wannan a asibitin ido na ECWA a Kano, wanda aka buɗe tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa. Binciken nan ya kuma tarar fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu tura ta ciki da tsinke ne suka taɓa su, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su gani. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa, sai dai a tsare saura idan an gano da wuri. Malamin da ya wuce 40 ya ga baƙi na gudu daga idonsa, tabarau kawai ya ke bukata, kuma ranar auna tabarau ita ce ranar da za a duba masa sauran.

Wani abin da ke raba dattawa da jam'i, ba su kuwa faɗa wa kowa, shi ne ɗigar fitsari. Kunya ta sa mutum ya daina fita, yara su zaci ƙafa ce. A mazhabar Maliki, ɗigar da ta lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ta warware alwala. Ya yi ƙunzugu da ƙyalle mai tsabta, ya tafi sahunsa, ya kuma gaya wa likita, domin yawanci wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara ke kumbura ga maza idan sun manyanta, kuma ana maganinta.

A ɗaya gefen akwai tsohon da girman kai ke hana shi karɓar sauƙi. Yana da ciwon suga ko na ƙoda, Ramadan ya faɗo cikin zafin bazara, ya ce shi tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa tsohon da azumi ya gagara ya sha, an kuma so ya ciyar da mudun Annabi a madadin ko wace rana. Jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, sai jiki ya bushe mai shi bai sani ba. Wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini ya ga likitansa tun cikin Sha'aban. Haka nan ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da a ke saye a faranti a tasha, irin su diclofenac da ibuprofen, shan su kullum yana ƙwaƙule ciki ya kuma lalata ƙoda.

Sauran magana ita ce faɗuwa, wadda ke mai da mai tafiya mai kwanciya a rana ɗaya. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, idan kuwa ƙashin ƙugu ya karye sha'anin ya kan yi tsawo. Sau da yawa a makewayi a ke faɗuwa, ko wurin alwala, ko a duhun asuba. Tayil mai santsi da yara ke sa wa a ɗakin tsoho don girmamawa ya fi daɓen siminti haɗari. A kafa ƙarfen riƙo a bango, a aje ɗan kututture na zama wurin alwala, a bar tocila kusa da matashi, a jefar da silifa da gindinsa ya cinye. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, Annabi Musa ya riƙe ta, liman ma da ita ya ke hawa mumbari ran Juma'a. A yanke ta daidai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar da ke ciwo, sanda da ƙafa mai ciwo su riƙa sauka tare. Wassalamu.