Makarantar Gwamnati Ko Ta Kuɗi: Shawarar Da Ke Gaban Iyaye A Talata Mafara, Bakura Da Maradun

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, magidanta a Talata Mafara da Bakura da Maradun sukan shiga wata shawara wadda iyayensu ba su san ta ba, watau ina za a kai yaro, makarantar gwamnati ta unguwa ko kuwa ta kuɗi. Ma'aikacin gwamnati ne al'amarin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, domin albashinsa ya isa ya sa shi kwaɗayin makarantar kuɗi, amma bai isa ya biya wa 'ya'ya biyar ko shida ba sai ya ji a jikinsa.

A da babu wannan zaɓi. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ilmin furamare kyauta a 1976, garuruwan nan suna cikin Jihar Sakkwato, kuma ana tsakiyar aikin Madatsar Ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978. Aikin ya jawo ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Saboda haka ajin furamare ya zama matattarar kowa da kowa: ɗan manomin shinkafa, da ɗan hakimi, da ɗan Bafillatani, da ɗan baƙon da ya zo gyaran injin, duk a kan benci ɗaya. Wanda ya yi karatu a irin wannan aji ya koyi zama da mutane, abin da ba a rubuta a manhaja ba.

To, sannu a hankali sai makarantar gwamnati ta yi rauni. An sake ƙaddamar da shirin ilmi kyauta a Sakkwato a 1999, aka kuma yi dokar 2004 wadda ta wajabta karatun shekara 9, amma yara sun fi ƙarfin azuzuwa da malamai. Abin mamaki shi ne, tun da aka kafa Jihar Zamfara a 1996 kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya ba da gwamna: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Duk da haka an kai matsayin da hukumomin jarrabawa suka riƙe sakamakon ɗaliban gwamnati saboda bashin da suke bin jihar.

Shekarar 2021 ta ƙara dagula lissafi. Ran 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe. A watan Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sa'an nan ran 1 ga Satumba suka sace ɗalibai 73 a sakandaren Kaya ta ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya.

Ita kuwa makarantar kuɗi tana da abin da take nuna wa uba. Yara ba su cika aji ba, malami ba ya fashi don mai makaranta yana tsaye a kansa, kuma da yawansu sun haɗa boko da Islamiyya. Amma ba dukansu ne suka taka kara suka karya ba. Akwai waɗanda gidan haya ne aka raba ɗakuna, malamai ba su da takardar koyarwa, albashinsu bai taka kara ya karya ba, da zarar sun sami aikin gwamnati sai su yi gaba. Uban da ke son sanin gaskiya littafin aikin ɗansa zai buɗe, ya sa shi ya karanta masa shafi guda. Kyan kayan makaranta ba ya nuna kome.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lura da ita ba. Duk ma'aikacin da ya cire ɗansa daga makarantar unguwa ya tafi da muryarsa, domin shi ne ya san ofishin Sakataren Ilmi, shi ne kuma zai iya tashi a taron iyaye da malamai ya tambayi inda kuɗin gyaran rufi ya shiga.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, aka shiga gyaran makarantu da biyan bashin jarrabawa. A ƙauyukan da ke nesa da titi, inda ba a cika samun makarantar kuɗi ba, tambayar iyaye ita ce ko malamin da aka turo zai yarda ya kwana a garin.